Ɗakin Akwati na Hamma Eli

Tsofaffin unguwar Luggere ta Jimeta, in ka ce musu Eli mai ɗakin akwati, za su gane wanda kake nufi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni Fibi nake bi masa. Hamma nake ce masa, yadda ake kiran yaya namiji a garin nan. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, ga haƙurin da har haushi yake ba ni. Na ƙaunace shi ƙwarai, kuma duk duniya babu wanda na yi wa faɗa kamarsa.

Shekarar da aka samu mulkin kai ya baro ƙauyenmu na ƙasar Numan ya zo Jimeta neman aiki. A wancan zamani, in damina ta yi nisa Binuwai ta cika, jiragen ruwa kan hauro da gishiri da atamfa da kananzir da sabulu, su koma da gyaɗa da auduga. 'Yan watannin nan su ne kakar leburorin bakin kogi, kuma cikinsu Hamma ya shiga. A nan wani ɗan kasuwa mutumin Barno, Alhaji Zarami, ya lura da shi. Ya ga yaro ne mai ƙarfi, kuma ko allura ta faɗo daga dila sai ya tsince ta ya miƙa. Sai ya ba shi wurin kwana a zauren gidansa a Luggere.

Gidan kulle ne, namiji baligi ba ya wuce zaure. Amma gida ba ya rabuwa da buƙatar ruwa da itace. Mahaifiyar Alhaji, Ya Kellumi, ita ta fara kiran Hamma ciki ya sauke mata buhun gero, daga nan kuma sai ya zama ɗan gida. Har matan Alhaji suka daina jan mayafi in ya shigo da garwar ruwa. Ran Lahadi ya sa farar rigarsa ya tafi coci, ya dawo ya tarar an rufe masa tuwonsa. Ba wanda ya taɓa ce masa don me.

Da ya ɗan tsaya da ƙafarsa sai ya je gida ya auri Keturah, yarinya mai fara'a da tun muna ƙanana yake jin kunyarta. Ubanta, Baba Nicodemus, tsohon ɗan doka ne, in ya faɗi magana ba ya janye ta. Ya yarda da auren, amma ya ce 'yarsa ba za ta bi miji birni ta rakuɓe a zauren wani ba. Haya ma bai yarda da ita ba, wai mai haya baƙo ne kullum. Sai ranar da Eli ya mallaki ɗaki nasa na kansa, mai ƙyaure da kwaɗo, shi kuma ya zo ya gani da idonsa, sannan a ɗauke ta. Haka Keturah ta zauna gidan ubanta, a can ta haifi Selina. Hamma yana ganinsu da Kirsimati da Ista, ya dawo ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Nassarawo a lokacin bakin gari ne, gonakin dawa sun fi gidaje yawa. Jauro, wato mai unguwar wurin, ya ara wa Hamma ɗan fili, amma da sharaɗin da aka saba: filin aro ba a yi masa ginin ƙasa, ba a dasa masa itace, don kada gobe ɗan aro ya ce nasa ne. Ko bukkar zana, ko abin da za a iya ɗagawa a tafi da shi. Hamma ya ce zana ba ta ɗaukar kwaɗo. A nan tunanin katako ya shige shi, mutumin da bai taɓa riƙe zarto ba.

Katakon ma ba saye zai yi ba. Kayan jirgi cikin akwatunan katako suke zuwa, waɗanda suka fashe kuma akan bar wa leburori su kai gida a hura wuta. Kowa na ɗaukar nasa don girki, Hamma yana zaɓen masu lafiya yana ɗaurewa. In ya kai su Nassarawo kafin gari ya waye an kwashe, don haka ya roƙi Ya Kellumi ta bar shi ya tara su a wani fili da ke can ƙurya, bayan ɗakunan mata, kusa da turken awaki. Damina bayan damina yana tarawa. Da tarin ya yi tsawo, sai ya ga ai ga katako ga fili ga inuwa, me zai hana ya fara bugawa a nan? Ba wanda ya ce masa a'a, don ba wanda ya tambaya.

Lokacin ni ma na zo Jimeta, ina auren Wilson ɗan sanda, muna ɗaki ɗaya a bariki. Da yake ni mace ce, ina shiga gidan Alhaji yadda na ga dama, don haka aikin nan a gabana aka yi shi. Awon ma da ni aka yi. Hamma ya share ƙasa ya kwanta, ya ce in ja layi wajen kansa da wajen ƙafarsa, sannan ya ce ni ma in kwanta a gefe, wai tsawonmu ɗaya da Keturah. Na ce masa matarsa ta fi ni jiki, sai ya ƙara taƙi guda. Daga wannan gado ya fitar da sauran ɗakin: wurin tukunyar ruwa, wurin tabarmar Selina, wurin da ƙyaure zai buɗe bai bugi kowa ba.

Ranar da ya fara tsayar da ginshiƙai ya haɗa su, abin ya karkace ya jingina da katanga kamar mashayi. Matan gida suka yi ta dariya ta bayan labule, ni kuwa a fili na yi tawa. Ya je kasuwa ya wuni tsaye gaban wani kafinta yana kallo, kunya ta hana shi tambaya. A ƙarshe akwatin ne ya koya masa. Ya lura duk babban akwati akwai katako ɗaya da aka buga a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, ya yi haka, ɗaki ya miƙe. Tun daga ranar ya daina zuwa wurin kafinta. Duk abin da ya shige masa duhu sai ya duba yadda aka yi wa akwati.

Ƙusoshi ma daga akwatunan ya zare su, yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse. Bugun kuwa irin na akwatin da zai yi doguwar tafiya a ruwa ya yi: a buga ƙusa ta ɓullo ta baya, a lanƙwasa bakinta a mayar da shi cikin katako. Ƙusar da aka yi wa haka ba ta fita sai ta tafi da tsokar katakon. Babu wadda ya bari a miƙe, yana alfahari da haka, wai ko guguwar farkon damina ta zo sai dai ta mirgina ɗakin, ba dai ta raba shi ba. Ya buɗe garewanin kananzir ya daddake su ya yi rufi. Ya shafe ƙasan da baƙin mai saboda gara, ya ɗora shi kan duwatsu. Ya fitar da taga, ya buga kantar jera kwanuka. Katakan duk da rubutun Turawa a jikinsu, wasu da zanen kibiya, kuma sai da ya tabbata kowace kibiya sama take kallo.

Gaskiya ɗaki ya yi kyau. Ni da na fi kowa yi masa tsiya, ranar da ya rataya ƙyaure na shiga na zauna, sai da na ji hawaye.

Tun ana rabin aiki na tambaye shi ta ina wannan abu zai fita, tunda ƙofar zaure ko jaki mai kaya sai an sauke masa yake wucewa. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce a bakin kogi injin da ya fi wannan nauyi suna ɗaga shi da igiya da kafaɗa. Zai kira abokan aikinsa su ɗaga shi su tsallakar da shi katangar baya, amalanke na jira a lungu. Na yarda, don ni ma ban hango ba. Shekarun da ya yi yana shiga yana fita sun sa ya manta cewa shi namiji ne a gidan nan, ni kuma na manta tare da shi.

Da ya gama, ya aika gida a gaya wa Baba Nicodemus, sannan ya durƙusa gaban Alhaji a zaure ya faɗi shirinsa. Alhaji ya dube shi yana jan carbi.

"Eli, kai ɗan gida ne. Su fa? Ƙarti wajen ashirin a cikin gida na, iyali na suna ciki?"

Hamma ya ce to ko a fasa katangar baya kaɗan, shi zai mayar da ita da hannunsa. Alhaji bai ce a'a ba. Ban taɓa jin ya ce wa Hamma a'a ba. Cewa ya yi damina ta kawo kai, ba a buɗe katanga yanzu, a bari ruwa ya ɗauke, in sha Allahu.

Saƙo kuwa ya riga ya isa. Baba Nicodemus ya hau mota ya zo, da tsohon kwat ɗinsa da sandarsa. Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, aka yanka kaza, aka kawo fura. Da tsoho ya wanke hannu ya miƙe ya ce a kai shi ya ga ɗakin. Alhaji ya yi masa bayani cikin ladabi, har ya ƙara da cewa a kawo Keturah ta zauna a ɗakin inda yake, za a riƙe ta kamar 'yar gida. Ina tsaye bakin ƙofar ciki ina ji. Baba Nicodemus ya gode masa, sannan ya juya wajen Hamma.

"Ɗakin da in yarinya na ya kwanta ciwo ba zan iya shiga in duba shi ba, wannan ba ɗakinka ba ne."

Bai kwana ba, a ranar ya koma.

Washegari Hamma ya ɗauki guduma zai kwance ɗakin ya fitar da shi katako-katako. Na farko da ya ɓamɓara ya tsage gida biyu. Na biyu ma haka. Katakon akwati ba shi da kauri, ga shi ya sha rani ya bushe ƙarau, ƙusoshin nan kuma sun riƙe shi yadda ya so su riƙe. Ya tsaya yana kallon tsagaggun a hannunsa, sai ya mayar da su ya toshe gurbin. Ya ce bari jirage su zo ya tara wasu, duk wanda ya fashe ya sami madadinsa. A daminar nan yaƙin basasa ya tashi. Binuwai ta cika har ta taɓa gindin bishiyoyi, Hamma yana zuwa bakin kogi kullum yana duba yamma, jirgi bai zo ba.

Ruwa ya ɗauke, ga shi kuma an riga an yi sababbin jihohi, Maiduguri ta zama hedikwatarmu, Alhaji ya samu harkar kwangila a can garinsu. Ya ce ba a buɗe katanga mai gida ba ya nan. Da ya dawo Ya Kellumi ba ta da lafiya. Da ta warke ɗaya daga matansa ta haihu, ana wankan jego. Kafin a gama wata daminar ta shigo. Duk dalilin da ya kawo gaskiya ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Aikin bakin kogi ya mutu, Hamma ya zama mai gadin gidan, ya kwashe tabarmarsa daga zaure ya koma cikin ɗakin katako shi kaɗai. Alhaji kan yi wata biyu a Maiduguri hankalinsa kwance, ya san wanda ya bari. Ba mugu ba ne, yana yi masa ɗinki da salla, yana aika wa Selina atamfa. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, da tuni an yi faɗa an rabu.

Na yi magana har na gaji. Na ce ya bar ɗakin inda yake, ya cire ƙyauren kawai, ya je Nassarawo ya kafa bukka ya maƙala mata, ya je ya durƙusa wa tsoho. Sai ya ce to ɗakin fa? Ya sa hannu yana shafa katakon, ni kuma in ji kamar in kama shi in jijjiga. Aka gama yaƙi, kaya suka koma zuwa a manyan motoci cikin kwali da buhu, jirgi sai jefi-jefi. Bai daina zuwa bakin kogi ba.

A bazarar da ta biyo baya Keturah ta zo da kanta, riƙe da hannun Selina da ta isa shiga makaranta. Ita mace ce, babu mai hana ta shiga. Matan gida suka tarbe ta, Ya Kellumi ta ba ta turaren wuta irin nasu na Barno. Ta shiga ɗakin, ta buɗe taga ta rufe, ta shafa kantar kwanuka, ta zauna bakin gado. Selina tana maƙale da zanenta, ta ƙi zuwa wurin ubanta.

"Ya yi kyau, Baban Selina," in ji Keturah. "Ka fasa shi. Abin da ya tsira mu yi da shi."

Hamma ya ce ta ƙara haƙuri, Alhaji ya yi alkawari bana. Ba ta yi gardama ba. Ta gaya masa saƙon da aka aiko ta da shi: ubanta ya ce in Kirsimati ta zo babu ɗakin da zai shiga, dattawa za su zauna a raba auren. Ta ce ita ba ta so, amma ta gaji da zama ba ita ga budurwa ba, ba ita ga matar aure ba. Na raka ta tasha, muka yi kuka ni da ita.

Cikin watan Agusta aka yi ruwa kwana da kwanaki ba ya ɗaukewa. Wata safiya labari ya iske ni a bariki cewa katangar bayan gidan Alhaji ta zube cikin lungu, daidai bayan ɗakin Hamma. Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na ruga wurin Absalom, tsohon helmansu, wato shugaban leburorin bakin kogi, ya tattaro mutanensa da igiyoyi da amalanke, muka iso kafin rana ta yi sama. Ga ɗaki nan a fili, daga lungu ana ganinsa, ba sai an ratsa tsakar gida ba. Matan duk sun shige ɗakin Ya Kellumi sun sauke labule. Alhaji yana Maiduguri.

Hamma yana tsaye a tsakiyar gurbin, ƙafafunsa duk taɓo, yana kafa sanda zai ɗaura zana. Absalom ya ce masa ya matsa su wuce, kafin azahar ɗakin yana Nassarawo. Hamma bai matsa ba.

"Baba Alhaji ba ya nan. Amana ya bar mini. Ba zan shigo da maza a bayan idonsa ba."

Na ce masa Allah ne ya buɗe masa hanya da hannunsa. Na ce ya tuna Keturah, ya tuna yarinyar da ba ta san fuskarsa ba. Daga cikin ɗaki Ya Kellumi ta ɗaga murya ta ce a bar su su ɗauka, ita ta yarda, in ɗanta ya dawo ita za ta amsa. Hamma ya durƙusa ya gode mata, ya ce amma ba ita ta ba shi amanar ba. Irin maganganun da na faɗa masa ranar a gaban mutane, ba zan maimaita su ba. Idonsa ya yi ja, yana ta ɗaure zana. Absalom ya naɗe igiyarsa, mutane suka watse.

Na dawo da lallashi. Na ce to ya bar zanar haka har Alhaji ya dawo, tunda katanga ta riga ta faɗi ba sauran dalili. Ya yarda, ya aika saƙo ta hannun wani direba. Sati ya bi sati babu amsa. Awakin maƙwabta suna cin zanar, masu wucewa suna leƙe, aka sace tukunya a gidan. Hamma ya rame. Da ruwa ya ɗauke na je na same shi yana kwaɓa ƙasa da ƙafa, tubala jere suna shanya. Ya ce kunya ba za ta bar shi mai gida ya dawo ya tarar da gidansa a buɗe ba. Shi kaɗai ya tayar da katangar, kuma ya yi ta da kauri, don bai iya aikin ha'inci ba.

Ina gidan ranar da Alhaji ya dawo, cikin watan Nuwamba. Saƙon bai same shi ba, a bakin Ya Kellumi ya ji komai. Ya zagaya baya ya duba sabuwar katanga, ya bubbuga ta da tafin hannu, ya yi ta sa wa Hamma albarka, ya ce ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi ke nan. Sannan ya dubi ɗakin katakon ya girgiza kai.

"Amma Eli, ai da ka fitar da ɗakinka tun tana ƙasa. Wa zai ga laifinka?"

"Ba ka nan, Baba Alhaji."

"To, yanzu sabon gini ne, ba a taɓa shi tukuna. Bari ya sha damina ɗaya mu gani."

Hamma ya sunkuyar da kai ya ce to. Saura wata guda Kirsimati a lokacin. Keturah ba ta sake zuwa Jimeta ba, kuma ban ga laifinta ba.